Ranar da Baba Ya Kalli Kokawar Turawa a Alƙahira

Ana idar da sallar asuba muka kama hanyar filin jirgin Kano, ni da Baba, ya haɗe rai kamar kotu za a kai shi. Baba tsohon ɗan kokawa ne, kuma a garinmu har gobe ana cewa ba a taɓa kai shi ƙasa ba. Bara gwiwa ta ci amanarsa, ya faɗi a tsakar gida a gaban jikokinsa. A kokawarmu, da zarar gwiwarka ta taɓa ƙasa an gama, sai ka bar fili. Haka Baba ya ɗauki abin, ya daina fita ko ƙofar gida. Ni na dage sai an yi masa aiki a Masar, shi kuma ya biyo ni don kawai ya ga ƙanena da ke karatu can.

Ƙanen nawa ya sauke mu a unguwar Abbasiya da ke Alƙahira. Garin ba ya shiru, kowane direba hannunsa na kan hon, tsallaka titi kuwa sai da addu'a. Aka kawo mana kushari, shinkafa da taliya da miyar tumatir a kwano ɗaya, ga arha. Baba ya ce ragowar tukwane aka haɗa, sannan ya nemi ƙari.

Asibitin yana unguwar Mohandessin. Likita ya duba ya ce in aka yi aikin Baba zai taka, in aka bari kuwa zama ne har ƙarshen rayuwa. Baba ya ce shi an riga an kayar da shi, a mayar da shi gida. Na yi lallashi, na yi fushi, duk a banza. Gaskiya ranar na tsorata.

Muna fitowa neman mota sai Baba ya ja ya tsaya a ƙofar wata ƙaramar silima. Hoton wasu tsofaffin Turawa ne masu tumbi, sanye da wandon kokawa. Ƙanena ya ce fim ɗin barkwanci ne na Ingila, tsofaffin 'yan kokawa suka yi niyyar komawa fili. Mutumin da bai taɓa shiga silima ba ya ce, "Mu shiga."

Misirawa sun yi ta ƙyaƙyatawa suna cin gugguru. Wannan ya ɗaga ƙafa bayansa ya riƙe, wancan haƙoran roba suka faɗo. Baba ko murmushi bai yi ba.

Da aka tashi, gardama ta kaure a bakin ƙofa, ƙanena yana fassara mana. Wata Bamisiriya ta ce an ci mutuncin tsofaffi. Wani saurayi ya ce barkwancin ya tsufa ya fi 'yan wasan. Wani Bahaushen Sudan mazaunin unguwar Arba wa Nus ya ji Hausarmu ya matso, ya ce ya yi dariya har cikinsa ya ƙulle, amma ma'alish, wato a yi haƙuri, kokawar ƙarya ce. Ni na ce fim ɗin ya yi, kuma ban janye ba.

A cikin tasi Baba ya juyo wurin ƙanena.

"Kai, mai ƙibar nan na ga bayansa a ƙasa ba adadi. Me ya hana alƙali tsayar da wasa?"

"Baba, su sai alƙali ya ƙirga uku mutum yana kwance. In ya tashi kafin nan, wasa na nan."

"Shirme," in ji Baba.

Muka hau gadar kogin Nilu. Can sai ya kalle ni.

"Ranar da na faɗi, wa ya ƙirga?"

"Babu kowa, Baba."

"To gobe ku mayar da ni wurin likitan nan."

An yi aikin lafiya. Ya sha wuyar koyon tafiya, ya yi wa masu motsa masa ƙafa faɗa da Hausa, suna amsa masa da "tamam", wato "daidai ne". Da muka sauka Kano aka turo keken marasa lafiya, ya kore shi da sanda.

Tafiyar nan ta koya mini cewa mai taurin kai da ƙa'idar sana'arsa ake shawo kansa. Yanzu Baba da ƙafarsa yake zuwa masallacin Juma'a. In abokansa suka tambaye shi kokawar Turawa, yakan ce wasan yara ce, amma alƙalinsu yana da haƙuri.