Na Cika Katinsa, Ban Taɓa Hannunsa Ba

A shekarun nan na hamsin, tun Turawa na riƙe da ƙasa, ni saurayi ne ɗan shekara ashirin da ɗaya, ina koyon aikin jinya a wani asibiti a nan Kaduna. Mahaifina tela ne a bakin Babbar Kasuwa, kuma ni ne na farko a gidanmu da ya shiga makarantar boko. Allah ya ba ni hadda, wannan ba yabon kai ba ne. Tun a makarantar allo abin da na biya sau uku ya zauna ke nan. Sai dai na haɗa da girman kai da saurin fushi, ba na jure a ce wani ya fi ni. Yau na tsufa, amma na ga gara in rubuto wa wannan mujalla abin da na ɓoye tun ina da baƙin gashi, ko wani yaro ya karanta ya tsira daga irin abin da na yi.

A shekararmu ta ƙarshe akwai babbar jarrabawa. Wanda ya ci shi ake ba takardar shaida ya zama cikakken malamin asibiti, wanda ya faɗi kuwa ya koma wankin gyambo yana kallon ƙannensa na wuce shi. Akwai wani tsohon ma'aikacin asibiti a Kawo da ya yi ritaya, yana tara ɗalibai a zaurensa da yamma yana yi musu bita, a biya shi. Abokan karatuna duk suka shiga. Da na gaya wa mahaifina, bai ko ɗaga kai daga keken ɗinki ba ya ce ba shi da hali, in je in yi da abin da Allah ya ba ni. Abokan nan suka sa ni gaba da tsokana, musamman wani dogo ɗan Kudancin Kaduna, wanda kullum yake tambayata ko in zo ya ara mini abin da aka koya musu jiya. Da zuciya ɗaya yake faɗa, yanzu na san haka, amma a lokacin zagi na ɗauka. Na cika baki a gabansu, na rantse sai na zo na ɗaya, su da malamin nasu su ji kunya.

Daga ranar na haukace da karatu. Na ari littafin Sista, Baturiyar da ke kula da ɗakin maza, na kwafe shi kaf a littattafan rubutu, na riƙa naɗe ɗaya a aljihun farar rigata. Akwai ɗan ƙaramin sito da ake ajiye zannuwan gado a ƙarshen ɗakin, nan na mayar makarantata. In na faki ido sai in shige, in zauna a kan ƙunshin wanki, ina rangaji ina biya Turanci kamar yadda muke biya allo. Kalmomin suna zama a bakina tsaf, amma ban taɓa tsayawa na tuna cewa mutanen da ke kwance a bayan ƙofar nan ake nufi ba.

A gadon da ke kusa da taga akwai wani dattijo, manomi daga Rigachikun, da aka kwantar za a yi masa aiki a ciki. Kwana shida ya yi yana jira, muka saba ƙwarai. Ina ce masa Baba, shi kuma Malam Ƙarami yake kirana, yana yi mini ba'a wai ya ji ina gunaguni a sito kamar mai hira da aljannu. Da na ba shi labarin jarrabawa da rantsuwata, sai ya yi dariya har ya riƙe ciki, ya ce in na ci zai kawo mini ƙwan zabi cike da ƙwarya, don damina ce, zabinsa na ta yi.

Ana saura kwana uku jarrabawa aka yi masa aikin da safe. Da aka dawo da shi ya farfaɗo, Sista ta damƙa mini shi, ta ce duk rabin awa in riƙe wuyan hannunsa in ƙirga bugun jininsa da agogo, in rubuta a katin da ke rataye a ƙafar gado. Sau biyu na yi yadda ta ce, na ga komai daidai. A na uku, raina na wajen littafi, sai na tsaya daga ƙafar gadon na ce masa yaya jiki. Ya ce da sauƙi, alhamdu lillahi, in je in yi karatuna. Na rubuta lambar da na samu ɗazu, na koma sito. Haka na yi ta yi tun daga azahar: in leƙo, in gaishe shi, ya ce da sauƙi, in cika kati. Ni Bahaushe ne ɗan Bahaushe, na san sarai mara lafiya a wurinmu ba ya amsa gaisuwa da wani abu ban da wannan, ko da rai na fita. Baturiya za a yi wa uzuri in ta ruɗu da wannan amsa, ni ba ni da uzuri. Sau ɗaya ya ce yana jin ƙishirwa ƙwarai, na jiƙa auduga na goga masa a leɓe da sauri, ko fuskarsa ban duba da kyau ba. Abin da har yau yake hana ni sakewa shi ne, shafin da nake haddacewa a wannan yammacin na alamomin zubar jini a ciki ne bayan aiki: bugun jini ya yi sauri ya yi rauni, gumi mai sanyi, ƙishirwa, cikin ido ya yi fari.

Da la'asar likita ya zagayo, ya ɗaga katin, ya ga lambobi a jere lafiya lau, dattijo kuma ya lumshe ido kamar mai barci. Ya mayar ya wuce ɗakin mata. Sai da rana ta kusa faɗuwa dogon abokin nan nawa ya zo karɓata aiki. Bai tambayi kowa komai ba, hannun kawai ya kama, sai na ji ya ƙwalla wa Sista kira. Na fito daga sito da littafi a hannu, na tarar da dattijo ya jiƙe sharkaf da gumi, jikinsa sanyi ƙalau. Aka tura shi ɗakin tiyata a guje, amma kafin a kira magariba rai ya yi halinsa. Sista ta daɗe tana duban katin, sannan ta dube ni, ta ce ba ta taɓa ganin bugun jinin da ya tsaya wuri ɗaya yini guda ba, ta tambaye ni ko da gaske na auna. Na ɗaure fuska, har da fushina, na ce na auna. Ba ta da shaida, ta ƙyale ni. Abokina ya ga littafin a hannuna, amma bai taɓa faɗa wa kowa ba, ni kuma ban ƙara iya haɗa ido da shi ba.

Ranar jarrabawar baki, likitan da aka turo ya tambaye ni yadda ake gane jini na zuba a cikin wanda aka yi wa aiki. Na zazzago masa shafin nan ko harafi ban tsallake ba, ina faɗa ina ganin fuskar Baba. Ya jinjina kai ya yaba. Na zo na ɗaya kamar yadda na rantse, mahaifina ya ɗinka mini sabuwar riga, 'yan unguwa na ta zuwa barka. Bayan sadakar arba'in sai ga matar dattijon a ƙofar asibiti tana neman Malam Ƙarami, da ƙwarya a kanta. Ta ce alkawarin maigidanta ta zo cikawa. Ta gaya mini ranar nan da ta shigo dubiya bayan azahar ta taɓa ƙafarsa ta ji sanyi, ta tashi za ta kira ni, sai ya riƙe mata zane, ya ce ta bar yaron nan ya yi karatunsa, jarrabawa gare shi. Ta sa mini albarka saboda ɗawainiyar da na yi da shi. Na karɓi ƙwaryar, na ce Inna na gode, ban iya gaya mata gaskiya ba, har ta juya ta tafi.

Na yi aikin asibiti har na yi ritaya, an sha yabona da cewa ba na wuce gado ban kama hannu ba, ba wanda ya san dalili. Rashin kuɗin bita bai cuce ni ba, talauci ba shi ya kashe Baba ba. Son a ce na fi kowa ne ya sa na fifita littafi a kan mutumin da aka rubuta littafin dominsa. Ku 'ya'yana masu karatun jinya, ku yi karatu, amma kada ku saci lokacin mara lafiya ku kai wa jarrabawa, kuma kada alƙalaminku ya rubuta abin da hannunku bai taɓa ba. In kun gaishe shi ya ce da sauƙi, ku amsa masa da ladabi, sannan ku kama hannunsa ku ƙirga. Takardar shaidata tana nan a akwati, ban taɓa rataye ta a bango ba, kuma tun ranar nan ban ƙara sa ƙwan zabi a bakina ba. Ku taya ni roƙa wa Baba gafara, ni kuma Allah ya sa ya yafe mini ranar da za mu haɗu.