Ƙarshen Labarin da Na Canza wa Baba

Ko shekara nawa zan yi a duniya, akwai wata yamma a zauren gidanmu na Gazara da ba za ta fita daga raina ba.

Lokacin Baba ya shekara biyu da rasa idonsa, ya bar wa yayyena gonar rake. Ni kuwa ina koyarwa a Makarfi, kullum na dawo sai in karanta masa littafi bayan la'asar. Wanda ya fi shiga ransa labarin wata ƙasa ce da hukuma ta ƙwace duk irin shuka, ba mai ikon ajiye ko ƙwayar dawa a rumbunsa, sai wani tsoho da ya ɓoye zangarniya ɗaya a cikin jinkar ɗakinsa. Baba ya ɗauki tsohon nan kamar ɗan uwansa. Da na leƙa ƙarshen sai na ga an kama tsohon, an sa ya ƙona irin da hannunsa yana yi wa hukuma godiya. Mutumin da ko abinci sai an lallashe shi, in ƙara masa da wannan? Na riƙe littafin a buɗe na tsara nawa ƙarshen: tsoho ya tsere, ya yi shuka, dawa ta yi kyau. Ranar har ƙarin tuwo Baba ya nema, ni kuma ina ta yaba wa kaina da dabara.

Ana nan sai aka mayar da littafin fim. Baba ya sa aka fito da talabijin zaure, ya gayyato abokansa, har da amininsa na Kudan, wani tsohon hedimasta. Suna kallo, shi yana saurare yana riga 'yan wasa magana, ni ina raɓe a ƙofar cikin gida. Masu fim sun bi littafin sau da ƙafa.

Da Baba ya ji muryar tsohon yana godiya wuta na ci, ya buga sandarsa a ƙasa. "Wallahi ƙarya suke, sun ɓata labarin! Tsohon nan bai durƙusa wa kowa ba. Uwata, ɗauko littafin ki kunyata su."

Na ɗauko na durƙusa. Hedimasta ya gyara tabarau yana leƙen shafin. Na dubi Baba, wanda ya rantse a gaban mutane don ya yarda da bakina. Na ce, "Baba, masu fim ne da gaskiya. Ni na canza."

Abokan suka fara laluben takalmansu. Baba bai yi faɗa ba, da ma ya yi, da na fi samun sauƙi. Sai da kowa ya watse ya ce, "Wanda ba ya gani, abin da aka faɗa masa shi ne duniyarsa. Karanta min na gaskiyar." Na karanta ina kuka, shi ko gezau. Da na gama ya ce marubucin ya fi ni sanin halin mutane.

Har Allah ya karɓi ransa, in na karanta masa takardar asibiti ko saƙon waya, sai ya ce, "Haka aka rubuta, ko haka kike so?" Wani lokaci da murmushi yake faɗa, amma ban taɓa jin ta a matsayin wasa ba. Tun daga nan na gane cewa in mutum ya ba ka amanar idonsa, ba ka da ikon zaɓar masa abin da zai gani, ko da tausayi ne ya sa ka.