Damƙin Pi Darthuami

A ƙauyenmu na kan dutse babu gidan da ba a rataye guntun gora mai rami kusa da murhu ba. Duk matar da ta auna shinkafar girki, safe da yamma, sai ta ɗebi damƙi ɗaya ta zuba a gorar kafin sauran ta shiga tukunya. Ƙarshen mako wata daga zumuntar mata ta hayo daga tsallaken kwari, inda majami'a take, ta juye ta tafi da ita, da ita ake ciyar da masu bishara. Kowa na yi, amma wasu matan damƙinsu na yatsu uku ne, su ma sun san kansu. Pi Darthuami kuwa, Pi ɗin nan lakabin girmamawa ne da muke yi wa dattijuwa, hannu take cikawa har ƙwaya na tsiyaya ta tsakanin yatsunta.

A wurin mahaifiyarta ta koya, wadda tana cikin na farkon da aka yi wa baftisma a wannan dutsen, ta kuma sha dukan miji a kan haka. Tsohuwar ta ce mata Ubangiji baƙo ne a gidan, kullum da shi ake cin abinci, kuma ba a taɓa rabon baƙo in an riga an ware masa. Darthuami ba ta iya karatu ba. In aka ce ta yi addu'a a taro sai baki ya ƙi ta, muryarta a waƙa kuwa, gara dai a bar zancen. Damƙin nan shi ne sujadarta gaba ɗaya, ta riƙe shi da hannu bibbiyu. Marigayi mijinta yakan tsokane ta, wai wannan baƙon nata cin tsiya gare shi, kuma ko itace bai taɓa ɗebowa ba. Ita kuma ta ce ai ba shi kaɗai ke ci a gidan ba tare da ta ga itacensa ba.

Ta manyanta, tana zaune da ɗanta da matarsa Thanzami da 'yarsu Zopari, wadda ba a daɗe da yaye ta ba, sai dajin gora ya yi fure. Tsofaffi suka ga furen, suka san abin da ke biye da shi. Ɓeraye suka ci 'ya'yan gorar suka hayayyafa, da 'ya'yan suka ƙare suka faɗa gonaki. Shinkafar da aka bari tana sunkuyar da kai, aka dawo aka tarar da kara tsaye. Suka bi rumbuna, suka ci iri, har igiyar kwando ba su bari ba.

Maza suka gangara ƙasa neman hatsi, ɗanta a cikinsu. Mata suka shiga daji tonon doya mai ɗaci. 'Yar shinkafar da ta rage a gidan Darthuami ana dafa ta kamar magani, kuma duk da haka ba ta taɓa ɗora tukunya ba ta cire damƙi ba, sai dai ta rage daga nata cikin. Mai zuwa juyewa ta daina zuwa, ƙafarta ba ta iya hawan dutsen kuma. Haka baikon, wato rabon Ubangiji, ya taru a gorar har ya kusa bakinta. Darthuami ta toshe ta da katako, ta rataye da waya a tsakiyar ɗaki inda ɓera ba ya kaiwa. Ranar da aka kaɗe buhun gidan, wannan gorar kaɗai ta rage.

Zopari ba ta iya riƙe doyar daji. Da ta ci sai zawo. Ƙafafunta suka kumbura, gashinta ya yi ja, ta daina kuka, wanda ya fi komai tsorata uwar. Kowa ya san kunun shinkafa kaɗai cikinta zai karɓa, kuma ga shinkafa na lilo a saman kanta.

Thanzami ta roƙa, ta sake roƙa. Maƙwabta suka shigo suka ce su tuni suka cinye nasu, har an ce dattawan ikkilisiya sun yarda. Darthuami ta ce ita ba ta ji da kunnenta ba, kuma yunwa ta iya ƙirƙiro saƙo. Ba don ba ta son jikar ba ne, ita ke goya ta, ita ke tauna mata doyar. Tsoro take ji. Ta gaskata har cikin ƙashinta cewa in ta saci rabon Ubangiji, zai janye hannunsa daga kan yarinyar. Na daɗe ina jin haushinta a kan wannan, har yau kuma in na tuna raina yakan ɓaci, sai dai ban taɓa iya cewa mugunta ce ba.

Wata safiya Thanzami ta taka turmi ta miƙa hannu wajen gorar. Tsohuwar ta riƙe mata zane.

"Ka nu," in ji Thanzami, yadda take kiran uwar da ta haife ta, "ko cikin cokali ne. Ni na ɗauka, ba ke ba. In laifi ne, a kaina."

"Bari in ji daga bakin Upa Kapzauva. In ya ce a ci, da hannuna zan dama mata."

Upa Kapzauva shi ne dattijon ikkilisiya, yana can tsallaken kwari. Darthuami ta shirya tafiya. Ta kai bakin ƙofa, sai ta dawo ta sauke gorar ta saka a kwandon bayanta, don ta san da ta juya baya za a buɗe. Wannan ne abin da Thanzami ta kasa mantawa.

Hanyar da take bi da waƙa a baki lokacin ƙoshi, ran nan da rarrafe ta gama ta. Ta tarar da dattijon zaune a ƙofar gidansa, ya rame har tabarau na zamewa daga hancinsa. Ta ajiye gorar a gabansa, ta ce ga na Ubangiji, babu ƙwayar da ta yi ciwon kai, amma jikarta ba ta da lafiya, ko da hali a ara mata kaɗan.

Ya buɗe ya leƙa, ya dube ta, ya sake leƙawa. Ya tambayi tun yaushe yarinyar ke kwance, ta faɗa masa.

"Ka pi," ya ce, yadda muke kiran kaka, "wa kike tsammani yake kwance a ɗakinki yana jiran wannan shinkafar? Baƙon naki ne. Tun da aka fara girbin ɓeraye muka aika cewa kowa ya dafa nasa." Ya cusa mata gorar a hannu. "Tashi ki tafi, kada ki tsaya gaishe ni."

Ta gangara, ta haye ruwa, ta kama hawa. Wani farin ciki ya cika ta, irin wanda ta daɗe ba ta ji ba, tana ta tsara yadda za ta dama kunun ruwa-ruwa, ta fifita shi. Rana ta karkata lokacin da ta kai rabin dutsen. A nan ta fara jin ganga, a hankali, da muryoyin mata suna waƙoƙin da muke yi a gidan rasuwa. Ƙauyen ƙarami ne, ta san daga wane gefe sautin ke fitowa.

Ko kunun zai tsayar da Zopari, babu wanda ya sani. Yara da yawa sun tafi a shekarar, har a gidajen da suka cinye baikonsu. An faɗa wa Darthuami haka sau ba adadi a sauran rayuwarta, takan ce ta ji.

Washegari samarin da suka rage a ƙauyen suka haƙa kabari, suna yi suna hutawa don jiri. A wurinmu ba a barin masu haƙa su tafi da ciki wayam, kuma babu abin dafawa a gidan sai abin da ke cikin gorar. Darthuami ta hura wuta. Ta juye shinkafar a faifai, ta tsince tsakuwa. Thanzami na zaune a jikin bango.

Ruwa ya tafasa. Tsohuwar ta ɗaga faifan, kuma kafin ta ankara hannunta na dama ya riga ya shiga ya fito a cike, ya nufi bakin gorar, kamar yadda ya saba tun tana budurwa. Ta tsaya tana kallon hannun.

Thanzami ta taso ta kama wuyan hannun, ba da ƙarfi ba, ta kai shi saman tukunya.

"Sake ta, ka nu," ta ce. "Ai baƙon ya riga ya karɓi nasa."

Ta buɗe mata yatsun ɗaya bayan ɗaya, shinkafar ta zube cikin ruwan.