Yadda Na Koya wa Kwamfuta Gudu

Daga Kura har Bunkure, a shekarun nan na tamanin, babu injin da ya taɓa haɗa ido da ni ya ƙi tashi. Injin ban-ruwa da ya shekara uku a kwance har kaji suna ƙwai a kansa, ni na tashe shi. Rediyon da ta faɗa kanal, wato babbar hanyar ruwan noman rani, ta kwana biyu, da ta bar hannuna har tashoshin da ba ta taɓa kamawa ba ta riƙa kamowa. In na bi ta gaban masu niƙa, injinansu kan gyara murya.

To, wajen ƙarshen shekarun aka kawo kwamfuta ƙaramin ofishin noman ranin da nake aiki. Ni ne mai kula da janareta da rediyon oba-oba ta aika saƙo. Aka ba ta ɗaki ita kaɗai, aka ɗora Malama, mai buga mana takardu, a kanta. Aikinta ɗaya ne: duk mako Malama ta zuba mata awon ruwa da na gonaki, ita kuma ta fitar da jadawali, wace ƙofar kanal za a buɗe, wace rana, awa nawa. Ranar Alhamis ƙarfe bakwai masu buɗe ƙofofi su zo a kekuna su karɓa. In babu takardar nan, a zafin bazara, tumatirin wani ya nutse, na wani ya ƙone, a zo ofis da fartanyu.

Abin da ke cin raina shi ne nawarta. Minti arba'in take yi tana lissafi. Malama kan ɗinka rabin hula kafin ta gama.

Wani mai sayar da kayan rediyo a Sabon Gari ne ya tsegunta mini sirrin. Ya ce a cikinta akwai kiristal, ɗan ƙarfe bai fi ƙwayar dabino ba, irin na cikin oba-oba. Shi ne makaɗin gayya: in ya hanzarta kiɗa, ƙwaƙwalwar na'urar ta hanzarta noma. Na cikin tamu an rubuta masa sha biyu, lambar saurinsa ke nan. Na sayo sha shida, da ashirin, da ashirin da huɗu.

Injiniya, shugabanmu, ya taɓa rantsuwa cewa duk wanda ya kwance na'urar nan ya nemi wani aikin. Ranar Litinin ya tafi taro Kano, sai Alhamis. Kafin motarsa ta hau kwalta na shiga ɗakin da sukuddireba.

"Malam, wa ya aike ka?" in ji Malama.

"Ja kujerarki baya, Malama, kada iskar gudun ta tafi da mayafinki."

"Jadawalin Alhamis fa?"

"Yau za ki same shi. Har na baɗi in kina so."

Na cire sha biyu, na ajiye a tebur, na danna ashirin da huɗu. Ni ban iya abu rabi da rabi ba. Na kunna.

A al'adarta, in an kunna ta sai koriyar lamba ta fito a allo tana ƙirge, sannan ta yi ɗan kuka sau ɗaya, ƙit, alamar ta farka. Ranar nan fanka kawai ke juyawa. Allo baƙi ƙirin. Muka tsaya muna kallon fuskokinmu a ciki.

"Gudun ne ya yi yawa ba ma gani?" in ji Malama.

Ban karaya ba. Na bi ta yadda nake bin injin ban-ruwa, abu ɗaya bayan ɗaya. Na auna wutar janareta, lafiya lau. Na cire wayoyi na mayar. Na bi ƴan baƙaƙen ƙwayoyin da ke jere a kan farantin da ke cikinta ina danna kowace da babban yatsa. Shiru. Aka tashi daga aiki.

Talata na sauko ashirin. Lamba ta fito! Ta fara ƙirge, ina taya ta da baki, sai ta tsaya cak a tsakiya, ta rubuto wani layin Turanci. Malama ta karanta, ta ce ma'ajiyar da na'urar take zuba lissafi ce ke kuka. Sau biyar ina kashewa ina kunnawa, sau biyar tana tsayawa a lamba daban. Nan na gane, kuma har gobe ina alfahari da ganewar: ƙwaƙwalwa na iya gudun, ma'ajiyar ce ba ta iya bin ta. Duk wanda ya taɓa ɗaura tsohon tiyo a bakin sabon inji ya san abin da ke faruwa.

Na sa sha shida. Ta ƙirga har ƙarshe, ta yi ƙit. Wallahi guɗar aurena ba ta kai mini wannan daɗi ba. Muka gwada ta da awon makon jiya, minti talatin ta gama. Kafin azahar na shaida wa teburin mai shayi cewa yanzu tun ba a tambaye ta ba take ba da amsa.

Laraba awon makon bai iso ba sai bayan azahar, rana ta take, kwanon rufi na ƙara. Malama ta zuba, na'ura ta kama aiki, minti goma ta sandare. Ka danna duk abin da ka danna, ko gezau. Na taɓa ƙwaƙwalwar da yatsa na janye. Da da ƙullu a kusa da na toya ƙosai. Na bar murfi a buɗe, na jawo fankar ofishin Injiniya na kafa mata, na jiƙa buhun albasa na rataya a taga yadda iska za ta ratso da sanyi. Na sake kunnawa. Ta tashi, ta yi lissafi har ƙarshe, takarda ta fito. Na fara naɗe wayar fanka.

"Malam," in ji Malama, idonta a kan takardar, "Asabar ɗinka awa nawa ce?"

"Irin ta kowa."

"To ƙofa ta bakwai ta samu awa talatin da ɗaya a cikinta. Ta ɓangaren Bunkure kuwa ko ɗigo."

Muka sake zuba awon nan, shi ɗin dai, ba a canja komai ba. Ta fito da wani jadawalin daban, shi ma tsaf a jere, ba kunya. A nan aikina na shekaru ya yaudare ni. A bakin kanal, in inji ya tashi ka ga ruwa na zuba, ka wanke hannu ka tafi, ya warke. Ban taɓa haɗuwa da injin da zai tashi, ya yi aiki, ya yi maka ƙarya ba.

Sai komawa sha biyu. Na duba tebur, babu shi. Na zazzage aljihu, na kwance naɗin hula, na shiga ƙarƙashin tebur da rarrafe. Malama na zaune tana ɗinki. Sai da ta ga na fara tone kwandon shara tukuna ta kwance bakin mayafinta, ta miƙo mini.

"Tun Litinin na ɗaure shi. Na san za a neme shi."

Lokacin man janareta na ranar ya ƙare, sai gobe.

Alhamis da sassafe na mayar da shi. Ta ƙirga, ta yi ƙit, ta koma nawarta. Malama ta ce ba takardar da za ta bar ɗakin sai an yi sau biyu an gwama. Minti arba'in, da wani arba'in ɗin, da karantawa layi layi. Suka zo daidai. Na rufe murfi, na mayar da fankar Injiniya inda take, na fito da takardu ina taku ɗaya ɗaya.

Masu buɗe ƙofofi na zaune a gindin mangwaro, kekuna a jingine. Babbansu, wani dattijo da ya riƙe ƙofar Bunkure tun ranar da aka fara sakin ruwa, ya karɓi tasa ya ninke ya cusa a hula.

"Lafiya yau, ɗana?"

"Lafiya lau, Baba. Kwana uku na yi ina koya wa na'urar nan gudu. Minti goma cur na rage mata."

Ya dubi inda rana ta kai, ya ɗora ƙafa a kan feda.

"Mu da muke karɓa ƙarfe bakwai, ga shi tara ta gota. In saurin ke nan, don Allah mako mai zuwa ka bar ta ta yi rarrafenta."