Yaya Mai Kallon Cikin Ido

A gyara zama, a kashe rediyo, mai tari ya haɗiye tarinsa! Ga Yaya nan tafe, babbar 'yar tela, wadda ta hau jirgi ta je ƙasar waje ta karanto ilimin tace ruwa, ta dawo da jaka ɗaya da ciwon kallon mutane cikin ido.

A can malamanta suka hore ta: in kin ga kuskure ki faɗa, ko na shugaba ne, kuma ki dube shi. Har maki ake ba su a kan haka. Ita da a da ko mai kanti ba ta iya yi wa musu, sai ga ta gaban aji tana kare aikinta.

Ta dawo tana ganin aiki zai yi layi a ƙofar gidansu. Wurin farko, ta gyara wa manaja magana a gaban yaransa, aka hana ta aikin. Na biyu ma haka. Takalminta ya fara cinyewa. Baba ya daina tambaya, in ta shigo sai ya ƙara wa keken ɗinkinsa gudu.

Ranar da kamfanin ruwan roba ya kira ta, Auta, ƙaninta da ya ajiye boko ya riƙe surutu, ya zaunar da ita.

"Yaya, ki kalli ƙasa kamar kin yar da allura. Komai aka ce, 'haka ne, ranka ya daɗe'."

Ta yi ta haka-ne har manaja ya zagaya da ita ɗakin injin. Nan ta hango tiyon da ke cika robobi yashe a ƙasa, bakinsa cikin ruwan wanke daɓe. In ta yi magana, aiki na uku ya tafi. In ta yi shiru, 'ya'yan mutane ne za su sha.

Ta jira ma'aikata suka yi gaba, ta rage murya.

"Ranka ya daɗe, tiyon nan ba zai bar ni in yi shiru ba."

Sannan ta ɗago ta dube shi.

Manaja ya daɗe yana kallon tiyon, ya sa aka kashe injin.

"Za ki iya gyara mana tsarin gaba ɗaya?"

"Zan iya."

"To, a ba ta rigar aiki."

Da ta dawo, Auta ya tare ta da rawa. "Dabarata ce! Duniya ta shaida, ni na horar da injiniya!"

Yaya ta cire takalmi.

"Sannunka. Ɗaga ƙafa, ka taka mini mayafi."