Yatsun da Suka Koyi Ɗauri

Ku matso kusa, jikokina, ku ara mini kunnuwanku. Wannan ba tatsuniya ba ce, ni ce a cikinta.

Da can koko nake sayarwa a unguwarmu ta Nima, ba wanda ya san ni da mugun hali. Wata rana a trotro, motar haya, matar da ke gefena ta yi gyangyaɗi, haɓar zanenta a kan cinyata, da ƙulli a jiki. Na ce bari in kwance in gani kawai. Ba ta farka ba. Tun ranar yatsuna suka san hanya. Kasuwa, gidan suna, gidan makoki, duk inda mata suka cunkushe, ina nan.

Ƙulli na ƙarshe na Hajiya Memuna ne, maƙwabciyata. Zoben marigayiya uwarta ne a ciki. Na sayar, aka gane shi a yatsan mai saye, aka kai ni gidan yari. 'Yata Rabi ta aiko cewa ba ta da uwa.

A can hankalina ya fara barina. Na daina magana, na daina cin abinci, amma yatsun ba su daina ba. Sai in kwance zanen 'yar ɗakinmu, alhali ba komai a ciki. Suka ce na haukace. Ni ma na yarda.

Wata gandiroba 'yar Asante ta kwaso zaren da ya cukurkuɗe a ɗakin koyon sana'a, ta zube a gabana. Ta ce, "Maame, an ce ba ƙullin da ya gagare ki. To ga wannan." Kwana huɗu ina warwara. A na biyar na ji yunwa.

Sai ta zaunar da ni kusa da Lariba, wata fursuna 'yar arewa mai saƙa hula. Lariba ta dubi hannuna ta ce, "Yaya, wajen kwancewa ke aljana ce, wajen ɗauri kuwa akuya ta fi ki." Na yi dariya, ta farko tun shigata. Hulata ta farko kamar akurkin kaza ta fito. Muna saƙa muna waƙa, wani lokaci a fita fili a yi wasan tsalle da tafi, har da ni da gwiwoyin nan. A hankali hankalina ya dawo gida.

Gandirobar ta yi ritaya. Lariba tana ciki har yau, ina aika mata zare. Hajiya Memuna ta rasu kafin in fito neman gafara, wannan kayan da shi zan shiga kabari.

Yara, hannun da ba shi da aiki, Shaiɗan ke ba shi. In kun ga ƙullin da ba naku ba, ku kau da ido.

Rabi kuwa, bayan fitowata shekara biyu tana wuce ƙofata ba sallama. Ran sunan ƙanwarku ta juyo mini baya, jaririyar kwance a bayan, ta ce, "Mma, ɗaure mini goyon nan."

Na ɗaure. Sau biyu na ƙulla.