Jan Tabo a Gangaren Fintan

Dympna Gilhooly ta haura sittin ba ta taɓa aure ba, haka ma yayanta Fintan. A gidan da aka haife su suka tsufa, a gindin wani tudu a yankin Leitrim. Ita ke da maruƙa da kaji da tukunya, shi ke da tarakta da gyaran shinge. Aiki ɗaya suke yi tare, shi ne cire dok.

Duk wanda ya tashi a wajenmu ya san dok, mugun tsiron nan na makiyaya. Ganyenta faffaɗa ne, saiwarta kamar karas, tana nutsewa ƙasa kusan kamu guda. Inda ta zauna ciyawa ba ta zama. In aka bar ta ta yi kara, karan ne ke huda baƙar ledar da ake naɗe ɗanyar ciyawa da ita, iska ta shiga, abincin da aka tanadar wa shanu na hunturu ya ruɓe. Kowa feshi yake yi, ban da Fintan. Ya ce maganin da ke kashe dok yana kashe har ɗan lallausan ganyen da shanu suka fi so. Yana da wani ƙarfe mai haƙora biyu da maƙeri ya ƙera wa babansu. Shi ya taka ya banƙaro, ita ta bi shi da buhu tana kwashewa, suna tafe suna faɗa.

"Kin bar rabin saiwar a ƙasa."

"Ni na bari, ko kai da ƙarfinka ya ƙare?"

Gonarsu mafi ciyawa ita ce gangaren da ke fuskantar tagar kicin. A nan tarakta ta kife da Fintan, lokacin yankan ciyawa na farko, bayan an kwana biyu ana ruwa. Dympna tana zuba masa shayi a gora ta ji ƙarar injin ta ɗauke farat ɗaya. Mu da muka ruga muka tarar da ita a can, har yau in inji ya mutu haka a wata gona sai mu tsaya cak, muna saurare.

A wajenmu in an yi rashi, maƙwabta ba sa tambayar me za a yi. Sai dai mutum ya leƙa ya ga an tatse, an share, an yanka. Malachy McTernan, abokin Fintan tun suna makaranta, shi ya ɗauki nauyin gangaren. Tayoyin sun tone ƙasa tun daga tsakiyar tudu, suka karkace har bakin kwata, ga kuma wurin da ƙarfen taraktar ya kafta. Bai so Dympna ta buɗe taga ta ga wannan ba. Bayan jana'iza, ranar da ta tafi coci, ya kawo injin barzar ƙasa ya bi sawun kaf, ya daidaita, ya watsa irin ciyawa. Kowa ya yaba masa.

Ba wanda ya tuna, a cikin ruɗanin nan, cewa in aka daddatsa saiwar dok kowane guntu tsiro yake yi, kuma irinta yana iya kwanciya a ƙasa tun zamanin kakanni yana jiran ranar da za a juyo shi sama.

Shekara ta zagayo. Dympna ba ta taka gangaren ba, ba ta bari an yanka ba. Da rani ya yi nisa, dok ta yi kara, ta bushe, ta koma ja kamar tsatsa. Ba ko'ina ta fito ba. Iyakar inda injin ya bi ta bi: ta faro siririya daga tsakiyar tudu, ta karkace daidai inda tayoyin suka karkace, ta baje a bakin kwata. Daga kan titi ma ana ganinta. Masu wucewa sukan rage gudu su yi alamar gicciye.

Dympna ta juya kujerarta ta ba taga baya. Ta rataya labule mai kauri. Duk da haka in ta zo wanke kofi sai ta ji abin yana bayan labulen, shimfiɗe a kan tudu, kamar wani ya kwanta yana jira a kira shi ya ci abinci. Kofi biyu take saukowa da su har yanzu, sai ta mayar da ɗaya.

Hunturun nan da ciyawar maƙwabta shanun suka rayu. Da bazara ta shigo, Malachy ya zo, ya cire hula, ya zauna a kujerar da ba ta Fintan ba.

"Baiwar Allah, wannan burodin naki da shi aka gina cocin garin nan?"

"In haƙoranka sun gaza, ka ajiye. Kare na so."

Ya ci, ya sha shayi, ya yi ta juya hular a gwiwa.

"Dympna, bana kowa ciyawarsa da kyar za ta kai shi. In ba a yanka gangaren ba, sai dai a kai shanun kasuwa kafin sanyi. Mai injin naɗi kuma ya ce ba zai ɓata ledarsa a kan dok ba. Ki bari in yi feshi tun ganyen yana ƙarami."

"Yaya bai taɓa feshi ba."

"To Yayan naki ai..."

"Ƙarasa mana."

"Ba abin da zan ƙarasa. Shanunsa ne. Kowacce shi ya karɓi haihuwarta."

Bayan ya tafi ta daɗe a tsaye a rumfar shanu. Jar saniyar nan mai taurin kai, wadda Fintan kan kira da sunan Dympna in yana neman tsokana, ta miƙo hanci tana shinshinar aljihunta.

Washegari da hantsi ta ɗauko ƙarfen daga bayan ƙofa. Hannun Fintan ya cinye icen mariƙin har ya yi santsi. Ta buɗe ƙofar gonar, ta hau. Ta fara daga sama, daga siririn bakin, don ƙasan ba ta iya kallonsa tukuna.

Saiwar farko da ta banƙaro ba miƙaƙƙiya ba ce irin wadda ta sani. Guntu ne mai yankakken kai, ya fitar da 'ya'ya ta kowane gefe kamar yatsu. Ta biyu ma haka. Tana riƙe da ita ta ji numfashi a bayanta, ta kasa waiwayawa.

"Ni ne," in ji Malachy. Ya hango ta daga titi, ya zo da buhu.

Ya karɓi saiwar, ya juya ta, ya ga yankan. Fuskarsa ta sauya.

"Wuƙar injina ce wannan."

"Na sani tun bara."

"Ba ki ce komai ba."

"Me zan ce? Ka rufe sawun ya ƙi rufuwa. Buɗe buhun, tsoho, kana tsaye kamar turke."

Haka suka yi ta yi har ciyawa ta kai gwiwa, kullum suna ɗan gangarawa. Ita ke takawa yanzu, shi ke kwashewa. Ranar da suka iso bakin kwata ba wanda ya yi wasa. A ƙarƙashin wata saiwa ƙarfen ya tono fasasshen gilashin fitilar tarakta, mai launin ruwan lemo. Ta goge shi da yatsa, ta sa a aljihu, ta ci gaba da haƙa. A nan hannunta ya faɗa cikin ciyawa mai ƙaiƙayi. Ba ta san lokacin da ta tsinki ganyen dok ta murza a wurin don kashe ƙaiƙayin ba, yadda Fintan yake yi mata tun tana 'yar ƙarama. Sai a lokacin ta zauna a ƙasa ta yi kukan da ba ta yi a coci ba. Malachy ya juya baya yana ta ɗaure bakin buhun da ya riga ya ɗaure.

Aka jira rana ta busar da ƙasa sosai kafin a yi yanka. Dympna ta tsaya a ƙofar gona tana riƙe da ƙarfen, ta ga tarakta ta gangaro a hankali, ta bi ta kan wurin, ta wuce, injin bai ɗauke ba. Baƙaƙen ƙullin ciyawa suka jeru a bayan rumfa, ba wanda ya huje. Shanun suka ci hunturu a gida.

Ta cire labulen. Amma irin da ya zube bara yana nan a ƙasa, kuma ta san shi ya fi ta tsawon rai. Da bazara ta sake shigowa, wata safiya tana wanke kofi, ta hangi ƙananan ganye masu duhu sun faro daga tsakiyar tudu, sun karkace, sun nufi kwata. Ta daɗe tana kallo.

"Na gan ka, Yaya," ta ce. "Bari in sa takalmi."